Gaɓar Kirki da Gaɓar Sharri: Yadda Teku ya Raba Misirawa

A watan Agustan 2023 wata larurar asibiti ta kai ni Iskandariyya, birnin Masar da ke bakin Bahar Rum. Da na samu sauƙi, sai likitan da ya duba ni, wanda tuni muka zama abokai, ya ce zai kai ni shan iska a yankin da Misirawa ke kira Sahel, wato gaɓar arewa wadda ta miƙe daga Iskandariyya har Marsa Matruh, tafiyar kusan kilomita 300. Mun yi ta tafiya teku na hannun damanmu, amma abin da muka fi gani shi ne katangu da ƙofofi.

A ƙofar wani rukunin gidaje da ɗan'uwansa ke ciki, mai gadi ya nemi lambar shiga da ake tura wa baƙo ta waya, ita kuwa ba ta iso ba. Ya dubi tsohuwar motarmu, ya dubi hijabin matar likitan, sannan cikin ladabi ya ce mu matsa gefe. Haka muka shafe kusan awa guda a rana, manyan motoci na wucewa ba tare da tambaya ba. Likitan ya yi murmushin yaƙe ya ce da ni: "Alhaji, yi haƙuri, nan Gaɓar Sharri ce, mu kuwa 'yan Gaɓar Kirki ne."

Mai karatu, wannan raha ce da ta yaɗu a Masar, amma akwai ɗaci a cikinta. Gaɓar Kirki ita ce tsofaffin ƙauyukan hutu na kusa da Iskandariyya, inda ma'aikacin gwamnati ke kama ɗaki ya zo da iyalinsa da tukunyar abincinsa. Gaɓar Sharri kuwa ita ce ta can yamma, irin su Marassi da Hacienda a Sidi Abdel Rahman, inda Turanci ke neman danne Larabci. Tarihin wurin tarihin gudu ne. Da can Agami ce matattarar masu hali. Da jama'a suka cika ta, sai suka koma Marina a El Alamein, inda aka gwabza yaƙin nan na 1942. Da matsakaita suka iso Marina, sai suka ƙara nausawa yamma. Ruwan dai ɗaya ne, yashin ma kusan haka. Abin da ake biya da tsada shi ne kada ido ya sauka kan wanda bai kai ba.

Wariyar ba ta tsaya kan aljihu ba. A 2022 wani binciken sashen Larabci na BBC ya nuna yadda wasu wuraren shaƙatawar masu kuɗi a Masar ke ƙin karɓar mata masu hijabi, a ƙasar da akasarin matanta ke rufe kai. Wato sutura ta zama ma'aunin matsayi. Alhali kuwa sashe na 45 na tsarin mulkin 2014 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin morar tekuna da gaɓoɓinsu. A Fabrairun 2024 kuma gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 35 da kamfanin ADQ na Abu Dhabi kan Ras el-Hekma, yankin da Larabawan ƙauye, musamman ƙabilun Awlad Ali, suka daɗe suna noman ɓaure da zaitun a cikinsa.

Ba na cikin masu yi wa mai arziki hassada, kuma na san ƙasar da bashi ya yi wa katutu ba za ta kori masu zuba jari ba. To amma gina gida daban, toshe hanyar ruwa daban. Tun 1976 dokar Faransa ta tanadi hanyar ƙafa mai faɗin mita 3 a bakin teku ko da filin na wani ne, Sifen ma ta tabbatar a dokarta ta 1988 cewa gaɓa ta kowa ce, kuma masu yawon buɗe ido ba su guje su ba.

Mu ma kada mu yi dariya. Wanda ya san Bar Beach ta Legas ya san Eko Atlantic ta haɗiye ta, an rushe Maroko a 1990, an kuma tashi mazauna Tarkwa Bay a Janairun 2020. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da lambar ta iso aka buɗe mana ƙofa, na ji daɗi a raina, ban ma waiwayi motocin da aka bari a rana ba. Girman kai ba ya buƙatar dukiya mai yawa, ƙofa ɗaya ta ishe shi. Allah ya sa mu gane.