Tseren babur da zaɓen taya

Babur, wanda mutanen Yamai suka fi sani da moto, abin hawa ne, kuma abin tsere ne. Tseren iri biyu ne. Akwai na kwalta, wanda ake yi bisa hanyar da aka rufe don kada kowa ya gitta. Akwai na daji, wanda ake yi cikin burji da duwatsu da rairayi. Ba dukan ƴan tsere ne suke cin abinci da shi ba. Da yawa ma'aikata ne ko makanikai da suka kafa ƙungiya don sha'awa. Su ne ke sayen mai da taya da kuɗin aljihunsu.

Tseren da ya ratsa Yamai

Ranar 26 ga Disamba 1978, babura da motoci 182 suka tashi daga Paris za su Dakar. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya shirya tseren, kuma da yawa daga cikin mahayan masu sha'awa ne kawai. Suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar, suka bi ta Agadas da Yamai, kana suka wuce Gao da Bamako. Ranar 14 ga Janairu 1979, 74 kaɗai suka isa Dakar. Cyril Neveu, saurayi ɗan shekara 22, shi ya zo na ɗaya bisa Yamaha XT 500. Tseren ya bar Afirka a 2009, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yin shi. Amma abin da ya koyar bai tsufa ba: kowace hanya da tayarta.

Inda taya ke taɓa ƙasa

Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba. Da wannan ɗan wuri, gaba da baya, babur ke gudu, yake shan kwana, yake tsayawa in an taka birki. In ya kuɓuce, mahayi ya faɗi, komai ƙarfin injinsa.

Ɗan tseren kwalta yana da taya iri biyu. Ta farko sumul take, ba ta da zane ko ɗaya, don roba mai yawa ta kama kwalta. Sai ta yi zafi take riƙo sosai, shi ya sa ake ɗumama ta kafin a tashi. Amma da an yi ruwa sai ta yi santsi. Ta biyu ta ruwa ce. Robarta taushi gare ta, tana da zane mai zurfi wanda ke korar ruwa gefe. Bisa busasshiyar kwalta kuwa, nan da nan take cinyewa. Don haka ɗan tsere yakan dubi sama kafin ya zaɓa.

Tayar daji haƙora gare ta manya-manya, masu kafewa cikin rairayi da taɓo. Bisa kwalta, kan haƙoran kaɗai ke taɓa hanya, saboda haka tana iya zamewa a kwana.

Iska

Iska tana kumbura in ta yi zafi. Don haka ake auna ta tun taya na da sanyi. Cikin rairayi ana rage iska kaɗan, taya ta baje, babur bai nutse ba. Amma in iska ta yi kaɗan cikin duwatsu, dutse yakan matse robar ciki da ƙarfen ƙafa, ta huje. A shekarun 1980, kamfanin Michelin ya fito da wani soso na roba da ake cusawa cikin taya maimakon iska, don ƴan tseren hamada su huta da faci.

Rubutun jikin taya

In an ga 3.00-18, faɗin taya inci 3 ne, ƙarfen ƙafar da za ta hau inci 18. Akwai kuma lambobi huɗu masu nuna lokacin ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana tana busar da ita har ta tsattsage.

A titunan Yamai

Mai babur a Yamai yana bin kwalta da burji da rairayi a rana ɗaya. A watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, daga Yuni zuwa Satumba kuma ga ruwan sama. Tayar da ta dace da shi ita ce mai matsakaicin zane. Suɗaɗɗiyar taya ba ɗaya take da tayar tsere mai sumul ba: robarta ta ƙare, ta ƙeƙashe. Wanda ya saye ta don sauƙin kuɗi ya manta cewa araha ba ta ado. Titin gari kuma ba filin tsere ba ne, don yara da dabbobi suna gittawa.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwan Nijar ne tseren 1979 ya ratsa?
2. Don me tayar tsere mai sumul ba ta da kyau cikin ruwa?
3. Yaushe ya kamata a auna iskar taya?
4. Me 2319 ke nufi a jikin taya?