'Ya'yan Turawan Mishan A Miango

Turawan mishan na SIM da suka baro Kanada da Amurka don koyar da Littafi Mai Tsarki a ƙasar nan, ba su kaɗai suka ɗauki nauyin aikin ba, har da 'ya'yansu. Tashoshinsu suna warwatse cikin ƙauyuka, ba makarantar da ta dace kusa. Saboda haka a 1946 aka buɗe makarantar kwana ta Kent Academy a Miango, kusa da Jos, da sunan Thomas Kent, wanda ya rasu a Bida a 1894. Yaro ɗan shekara shida sai a kai shi can. Uwa ta koma ƙauye da mijinta, tana koya wa 'ya'yan wasu karatu, nata kuwa sai dai wasiƙa har ranar hutu.