Ciwon da Aka Rasa Sunansa

A layinmu an taɓa yi wa yara biyar kaciya rana ɗaya, cikin sanyin hunturu kamar yadda aka saba. Huɗu suka kwana lafiya. Na biyar jini ya ƙi tsayawa. Wanzami ya barbaɗa magani ya ɗaure, tsumma ya jiƙe, ya canza wani, shi ma ya jiƙe. Kafin la'asar mata sun soma cewa baki ne ya kama yaron, wata tsohuwa ma har ta ambaci sunan wadda take zargi. Sai a asibiti, bayan an yi masa ƙarin jini, likita ya dubi uwar ya ce, "Hajiya, cikin 'yan'uwanki maza akwai wanda jininsa ya taɓa ba da wahala?" Ta yi jim, sannan ta ce an ba ta labarin wani yayanta da ya rasu yana jariri, kwana biyu da cire masa hakin wuya.

Himofiliya ke nan, ciwon da ke hana jini daskarewa saboda jiki ba ya yin wani sinadari da ake buƙata. Nau'insa da ya fi yawa yana samun kusan namiji ɗaya cikin 5,000 da aka haifa. Mata ne ke ɗauke da shi, yawanci ba tare da wata alama ba, 'ya'yansu maza kuma su sha wahalarsa. Shi ya sa likita ya tambayi kawunnen yaron, bai tambayi baffanninsa ba.

Irin waɗannan cututtuka da ba a cika gani ba sun haura 6,000, kuma idan aka tara masu fama da su a duniya za su kai mutum miliyan 300. Kusan bakwai cikin goma daga ƙwayoyin gado suke tasowa, akasarinsu kuma tun ana yaro suke bayyana. Da yake kowane ɗaya ba ya da yawa, likita zai iya gama aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa cin karo da wasunsu ba. Iyaye su yi ta yawo da leda cike da katin asibiti, daga wannan likita zuwa wancan, daga nan sai gidan mai magani, a sayar da akuya, a sayar da gona.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne an koyi karanta rubutun da ke jikin ɗan Adam. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai DNA, dogon rubutu mai haruffa kusan biliyan 3, kwafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Harafi guda ya sauya a muhimmin wuri, sai ciwo. Sikila ma haka take, harafi ɗaya tak. Karatun farko na wannan rubutu ya ci shekara 13, daga 1990 zuwa 2003, da dala kusan biliyan 3. Yau ana yinsa cikin kwanaki, a ƙasa da dala dubu. A Ingila an karanta guda 100,000 na masu cututtukan da ba a cika gani ba da danginsu da masu kansa, aka kammala a 2018. Rahoton da ya fito a 2021 ya nuna ɗaya cikin huɗu na majinyatan rukunin farko ya samu sunan ciwonsa. A lura dai, uku sun koma gida ba amsa, a Ingila ma ke nan.

Namu lissafin ya fi wuya. Ana gane harafin da ya kauce ne ta hanyar gwada shi da na sauran jama'a, alhali mafi yawan bayanan da aka tara na Turawa ne, na 'yan asalin Afirka bai wuce kaso 3 cikin ɗari ba. A 2020 masanan shirin H3Africa suka karanta na mutum 426 kacal daga ƙasashen Afirka 13, har da Birom na Filato, suka tarar da bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Don haka kana iya biyan maƙudan kuɗi a kai jinin ɗanka waje, sakamako ya dawo da cewa an ga wani abu amma ba a san ma'anarsa ba.

Wannan giɓi ba zai cike ba sai mutanenmu sun shiga bincike, kuma na san abin da ke zuwa zuciyar Bakano idan aka ce bincike: gwajin maganin Trovan na 1996, lokacin annobar sanƙarau. Tsoron yana da tushe. Amma maganinsa tambaya ce. Wa ya ba da izinin aikin? Ina za a kai jinin, wa zai gan shi, har yaushe za a ajiye? Za a faɗa mini sakamako? A karanta maka takardar da Hausa kafin ka sa hannu ko ka dangwala, kuma haƙƙinka ne ka ce a'a ba tare da an daina duba ka ba. Ka tuna abin da ke jininka ya shafi 'ya'yanka da 'yan'uwanka.

Sai masu cin kasuwa da labarin. Gaskiya ne a ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka sun amince da Casgevy, maganin sikila da ake yi ta hanyar gyara ƙwayoyin gado. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2, kuma sai an ɗebi ƙwayoyin jinin majinyaci an gyara, an ba shi magunguna masu ƙarfi, ya yi makonni a kwance. Duk wanda ya turo maka kwalba a WhatsApp ya ce tana mayar da SS zuwa AA, kuɗinka yake so. Nijeriya da ke haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 a shekara, abin da ke hannunta yanzu shi ne gwajin jini kafin aure, wanda Kano ta wajabta a 2024, da kulawar asibiti.

Gwajin jinotayip kuwa sikila da 'yan'uwanta kaɗai yake nunawa, ba ya ganin sauran. Nan ne maganar auren zumunci ke shigowa. Halal ne, kuma yawancin 'ya'yan da ake haifa cikinsa lafiyarsu lau. Sai dai wani bincike a garin Biradfod na Ingila a 2013 ya gano haɗarin haihuwar jariri da tawaya yana tashi daga kusan 3 zuwa 6 cikin ɗari idan iyaye 'ya'yan wa da ƙani ne, domin abin da ke ɓoye a jikin kaka ɗaya yana iya haɗuwa ta ɓangare biyu. Gidan da yara biyu ko uku suka rasu da ciwo iri ɗaya, ko suka daina tafiya a shekaru ɗaya, a zauna da likitan yara a zayyana masa dangi kaf kafin a sake ƙulla wani auren, ba a ɗora wa uwa laifi ba.

Yaron layinmu ya rayu. Da aka haifi ƙaninsa, asibiti aka fara kai shi aka auna jininsa, wanzami kuwa aski kawai ya yi masa ranar suna.