Farul II: Ƙungiyar da ba a haska wasanta a gidan kallo

Idan ka shiga gidan kallo ranar Asabar ka ce wa ya san Farul II Konstansa, dariya za a yi maka. Wani ma zai ce ko sunan magani ne. Amma duk matashin da ke mafarkin buga ƙwallo a Turai, irin wannan ƙungiya ce ya fi yiwuwa ya fara sauka a cikinta, ba Madrid ko Arsenal ba. Don haka gara a san ta.

Konstansa birni ne a bakin Baƙin Teku, can gabashin Romaniya, kuma nan ce babbar tashar jiragen ruwan ƙasar. A wannan yanki aka haifi Gheorghe Hagi a 1965. Sunan nasa ana furta shi ne kamar Haji. Iyayenmu da suka kalli gasar cin kofin duniya ta 1994 a Amurka ba su manta da shi ba: shi ne mai ƙafar hagun nan da ya ɗaga wa golan Kolombiya ƙwallo daga can gefen fili, kuma da shi Romaniya ta fitar da Ajantina da ci 3 da 2. Ya buga wa Real Madrid, ya buga wa Barcelona, ya ci kofin UEFA da Galatasaray a 2000.

A 2009 Hagi ya zuba kuɗin aljihunsa ya buɗe makarantar koyon ƙwallo a Ovidiu, wani ƙaramin gari kusa da Konstansa, tare da ƙungiya mai suna Viitorul, wato "gaba" ko "gobe" a harshensu. A 2021 aka haɗe ta da tsohuwar ƙungiyar birnin, Farul, sunan da ke nufin hasumiyar fitilar da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Ƙungiya ta biyu, wadda da ake kira Viitorul II, ita ce ta koma Farul II.

To mene ne aikinta? Ka ɗauki yaro ɗan shekara 18. Ya fi ƙarfin sa'o'insa a makaranta, amma bai kai ya ƙwace riga a babbar ƙungiya ba. Idan aka bar shi a benci, ƙafarsa ta mutu. Idan aka ba da shi aro, ba a san hannun da zai faɗa ba, wani kocin ma ba zai ko kalle shi ba. Ƙungiya ta biyu ita ce matattakalar da ke tsakani. Yaron yana gida, yana atisaye kusa da manya, yana koyon salon wasa iri ɗaya da nasu, ƙarshen mako kuma ya je ya buga wasan gaske.

Kuma wasan gaske ne fa. A Ingila, 'yan ƙasa da shekara 21 suna da gasarsu daban, yara da yara. Romaniya ta bi tsari irin na Sifaniya da Holan, inda ƙungiya ta biyu ke shiga gasar manya. Farul II, kamar Viitorul II kafin ta, ta yi shekaru a Liga III, mataki na uku, wanda aka raba rukuni-rukuni bisa yanki. A can abokin karawarka magidanci ne ɗan shekara talatin da wani abu, wataƙila yana da wata sana'ar da yake yi da rana, kuma ba ruwansa da cewa kai ɗan makarantar Hagi ne. Zai sa maka kafaɗa, zai taka ka. Filin ba lallai ya yi kyau ba, 'yan kallo ba yawa, ga sanyin da ke sa a tsayar da gasa tun daga Disamba sai an doshi bazara. Yaron da ya saba yanka sa'o'insa uku ya wuce, a nan yake gane cewa wani lokacin taɓawa ɗaya ce kawai ake ba ka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan: ƙungiya ce da ba don kofi aka kafa ta ba. Doka ba ta yarda ta zauna mataki ɗaya da uwarta ba. Haka abin yake a ko'ina. Jong Ajax ta lashe gasar mataki na biyu a Holan a 2018, amma ba ta hau ba, saboda Ajax na sama. Kocin irin wannan ƙungiya kuwa, ranar da ɗan wasansa ya fara haskawa, ranar ce za a ɗauke shi. Mako mai zuwa a turo masa wani babba da ke farfaɗowa daga rauni a ce dole ya buga. Ba teburin gasa ake dubawa a auna shi ba, ana ƙirga yara nawa suka haura.

Ta wannan ma'auni, gidan Hagi ya yi abin a zo a gani. Viitorul ta lashe gasar Romaniya a 2017, shekara takwas kacal da kafuwarta, bayan ta yi kunnen doki a maki da FCSB ta Bukares, har sai da maganar ta je kotun wasanni ta duniya aka tabbatar mata. Ta ci kofin ƙasa a 2019, sannan Farul ta sake ɗaukar gasar a 2023. Daga makarantar ne Razvan Marin ya fito ya tafi Standard Liege, daga can Ajax. Ianis, ɗan Hagi, ya je Fiorentina, ya dawo gida, ya wuce Genk sannan Rangers. Florinel Coman ya koma FCSB, Adrian Mazilu kuma Brighton ta saye shi a farkon 2024. Lokacin da 'yan ƙasa da 21 na Romaniya suka doke Ingila 4 da 2 suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Turai ta 2019, da yawa cikinsu yaran Ovidiu ne.

Sai dai waɗannan su ne sunayen da muke ji. A bayan kowane Marin akwai yara da dama da suka kai 21, kwantiraginsu ya ƙare, suka ci gaba da yawo a ƙananan ƙungiyoyi ko suka rataye takalmi. Ƙungiya ta biyu tana tacewa ne, kuma abin da ke zubewa ya fi abin da ke wucewa.

Ga inda abin ya shafe mu. 'Yan Najeriya sun daɗe suna bin wannan hanya. Kehinde Fatai, haifaffen Abuja, a Farul ya fara kafin ya yi suna a Astra. Saboda haka idan wani dillalin 'yan wasa ya ce maka "akwai kulob a Romaniya, za ka fara da ƙungiya ta biyu", ba lallai ƙarya yake ba. Amma ka tambaye shi: wace ƙungiya, a wane mataki take bugawa, kuma wa ya sa hannu a takardar gayyatar? Dokar FIFA ta hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Bizar yawon buɗe ido ba izinin aiki ba ce. Sannan gasar Romaniya tana da ƙa'idar da ke tilasta wa kulob saka matashi ɗan ƙasa a fili, abin da ke nufin idan kai da ɗan gida kuka yi daidai a iyawa, shi za a saka. Kulob ɗin da yake son ka da gaske shi ke biyan kuɗin jirgi. Idan an ce mahaifinka ya sayar da gona tukuna, ka ce a nuna maka kwantiragin.