Ruwan Tsuntsaye a Ƙasashen Ƙanƙara

A Kanada da arewacin Amurka da Turai, mutane da yawa suna ajiye wani faffaɗan kasko a bayan gida, su zuba masa ruwa domin tsuntsaye su sha su yi wanka. Mu a nan rani ne ke ƙafar da ruwa. Can kuwa sanyi ne ke kulle shi. Da zarar ma'aunin zafi ya sauka zuwa sifili a ma'aunin Salshiyos, tafkuna da kududdufai sai su daskare, kaskon ma ya zama dutse.

Me ya sa ruwan ke da muhimmanci?

Mai karatu zai iya cewa ai ga dusar ƙanƙara ko'ina, tsuntsu ya ci mana. Yana ci, amma da tsada. Zafin jikin tsuntsu ya kai digiri 40 zuwa 42, kuma daga abincin da ya samu da ƙyar yake samar da shi. Narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana cin kalori 80, wato daidai da zafin da zai ɗaga giram ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80. Ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 10 ba, wanda zai kwana cikin dogon dare mai tsananin sanyi, wannan asara ce babba a gare shi. Masu cin tsaba sun fi buƙata, domin abincinsu busasshe ne.

Wanka ma ba ado ba ne. Gashin tsuntsu yana riƙe iska a tsakaninsa, iskar ce ke tsare ɗumin jiki. Idan ya yi dauɗa ya manne, ɗumin sai ya zurare. Bayan wanka tsuntsu yakan tsefe gashinsa da baki, ya shafe shi da man da ke fitowa daga gindin jelarsa. Mugun sanyin da aka yi a Birtaniya daga ƙarshen 1962 zuwa farkon 1963 ya hallaka ƙananan tsuntsaye masu ɗimbin yawa, ya nuna yadda rayuwarsu ke rataye a kan ɗan abinci da ɗan ruwa.

Dabarun da ba sa buƙatar lantarki

Abin da ake nema ba ruwan ɗumi ba ne. Ɗan wurin da bai daskare ba ya wadatar. Da farko a dubi mazaunin kaskon: inda rana ke bugawa, kuma bango ko shinge ya tare iska. Kasko mai duhun launi ya fi shan zafin rana. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, wadda aka kafa a 1889, tana ba da shawarar a jefa ƙwallo mara nauyi, irin ta wasan tebur, a kan ruwan. Iska kaɗan za ta riƙa kaɗa ta, ruwan da ke motsi kuma ba ya saurin kamawa. Wannan tana aiki ne a sanyi mai sauƙi kawai.

Idan an wayi gari ya daskare, kada a sa guduma, kada kuma a kwara tafasasshen ruwa, domin kaskon na iya tsagewa. A ɗora tukunyar ruwan zafi a kan ƙanƙarar har ta narke. Kaskon siminti ko na yumɓu yana da wani haɗarin: ruwa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, sai ya fasa shi. Na roba ya fi jurewa.

Inda sanyi ya yi tsanani

A wurare irin Minesota da Ontariyo, inda ake yin makonni ba a haura sifili ba, sai da hita. Akwai wadda ake tsomawa cikin ruwa, akwai kaskon da aka ƙera da ita a ciki. Yawancinsu wat 50 zuwa 150 suke ci, kuma suna kunna kansu ne idan ruwan ya kusa daskarewa. Dole wayar ta zama irin ta waje, a jona ta a soket mai yanke wuta da kansa in ruwa ya taɓa. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5, a jera duwatsu a ciki domin tsuntsu ya sha ba tare da ya jiƙa jikinsa ba a ranakun da wanka ke da haɗari.

Abin da ba a yi

Kada a zuba gishiri, ko gilisarin, ko ruwan hana daskarewa da ake sa wa lagireton mota. Lallai suna hana ƙanƙara, amma garin neman ƙiba ne za a samo rama. Na mota guba ne, gishiri na cutar da mai shansa, gilisarin kuma yana manne gashi ya lalata kariyarsa.

Sai tsafta. Tun wajen 2005 wata cutar maƙogwaro da ke yaɗuwa a wuraren ci da sha ta rage wasu tsuntsaye masu cin tsaba ƙwarai a Birtaniya. Saboda haka a canja ruwan kullum, a goge kaskon, a kuma nisanta shi da sarƙaƙiyar da mage za ta laɓe. Wanda ya fara wannan aikin alheri ya daure ya ci gaba har sanyi ya wuce, domin tsuntsayen da suka saba za su riƙa kashe ƙarfinsu suna zuwa kowace safiya.