Karatun injiniyan gine-gine: Abin da ke jiran ɗan Sae Sabuwa a aji, da abin da ke jiran sa a gida

A ƙarshen watan Agustan 2024, ruwan sama da aka auna ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin kusan sa'a ɗaya da rabi. Mutum 15 ne hukumomi suka ce sun rasu. Kafin damunar ta ƙare, waɗanda ambaliya ta kashe a faɗin Nijar sun haura 300, waɗanda ta shafa kuma sun zarce miliyan ɗaya. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na birni ya rushe a farkon Satumba, gwamnati kuma ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da dama sun faɗi, wasu kuma mutanen da suka rasa muhalli ne ke kwana a ciki.

Milimita 150 ƙaramar lamba ce a kunne. Amma idan ruwan nan ya sauka a kan rufin da faɗinsa ya kai murabba'in mita 100, to lita 15,000 ke nan, wato nauyin tan 15. Ina zai bi? Idan indararo ya zubar da shi a gindin bango, kwana nawa bangon zai yi? Irin wannan lissafi ne ake fara koya wa ɗalibin injiniyan gine-gine, kuma shi ne aka fi rashi a garuruwa irin su Sae Sabuwa, ƙaramar hukumar karkara da ke gundumar Gidan Rumji, ba nisa da Maraɗi da Tibirin Gobir.

Makarantar ba ta da nisa

Shekaru 20 da suka wuce, yaron da ya ci jarrabawar bakaloriya a jihar Maraɗi kuma yake son wannan fanni, sai ya ɗauki jaka ya nufi Yamai ko ya ƙetare iyaka. Lamarin ya sauya a 2008, lokacin da aka buɗe cibiyar koyon fasaha ta IUT a Maraɗi, kuma sashen gine-gine na cikin waɗanda aka fara da su. A 2010 aka kafa jami'ar Maraɗi, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo. Daga Gidan Rumji, ko Agye, ko Gazawa, babbar hanyar RN1 guda ce ke kai ɗalibi ƙofar makarantar.

Wanda yake son zurfafawa yana da makarantar EMIG a Yamai, da 2iE a Wagadugu ta Burkina Faso. A ƙetaren iyaka akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, inda ake shekara biyar kafin a samu digirin injiniya. Sai dai can da Ingilishi ake karatu, nan kuwa da Faransanci, kuma ƙa'idojin lissafin da ake bi ba iri ɗaya ba ne. Duk mai niyyar ƙetarawa gara ya san da haka tun kafin iyayensa su sayar da akuya.

Ƙofar shiga lissafi ne da kimiyya. Ɗaliban da suka fito daga ɓangaren C da D, ko daga makarantar fasaha irin Lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi, su ne suka fi samun sauƙi. Neman tallafin karatu kuma ta hukumar ANAB ake bi.

Ƙasa, ruwa, ƙarfe

Da yawan sababbin ɗalibai suna zuwa da tunanin za su zauna gaban kwamfuta suna zana benaye masu gilashi. Zanen yana nan, ana kuma koyon manhajoji irin su AutoCAD. Amma kafin a kai can sai an sha ƙura.

Akwai awon fili, inda ake fita rana da na'ura a gano tudu da gangare. Akwai sanin halin ƙasa: rairayin jigawa daban, yumɓun fadama daban. Yumɓu yana kumbura idan ya sha ruwa, ya tsuke idan ya bushe, shi ya sa gidan da aka kafa a kansa ba tare da tushe mai kyau ba yake tsagewa tun daga kusurwar taga. Mutanen Maraɗi ba baƙin wannan darasi ba ne. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, dole aka tashi aka koma tudu, inda birnin yake a yau.

Sai kankare, wanda nan ne aka fi yin ɓarna. Kankare yana jure danniya, amma ba ya jure ja, don haka ake saka masa rodi. Wurin da aka ajiye rodin kuwa ya fi yawansa muhimmanci. A daɓen bene da ke zaune kan ginshiƙai biyu, ƙasansa ne ke miƙewa, can rodi zai kwanta. A barandar da ta fito waje babu ginshiƙi, samanta ne ke miƙewa. Birkilan da ya juya wannan tsari ya kashe kuɗin mai gida, ya kuma ɗana masa tarko.

Awon da aka saba koyarwa na kankaren ginshiƙi da bene shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita ɗaya mai tsawo, faɗi da zurfi, wato buhu bakwai. A wuraren aiki da yawa buhu biyar ake zubawa, a cika da yashi, a ƙara ruwa don shebur ya yi sauƙi. Ruwan da ya wuce kima yana rage ƙarfin kankare. Bayan zubi kuma akwai shayarwa: a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, domin sai ya kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka lissafa. A zafin watan Afrilu na Maraɗi, a unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka, wannan ne matakin farko da ake tsallakewa. Ba a ganin illar ranar buɗe gida. Sai bayan damuna uku ko huɗu.

Rabin karatun da ake rainawa

Ɗaya ɓangaren shi ne tafiyar da aikin gini: ƙididdige kaya, fitar da farashi, tsara wane aiki ke gaban wane, karanta takardar kwangila, kula da lafiyar leburori. Ɗalibai kan ɗauke shi a matsayin darasin cike gurbi. Kuskure ne babba, domin a nan ne yawancinsu za su ci abinci.

A duba yadda ake gina gidaje a yankin. Kamar sauran sassan jihar, samarin Sae Sabuwa da Agye da Gazawa suna fita ci-rani: Kano, Legas, Agadas, Libiya, Aljeriya. Mutum zai turo kuɗi kaɗan-kaɗan, ƙane ko kawu ya riƙe aikin, a turo masa hoto ta WhatsApp. Babu zane, babu takardar ƙiyasi. Idan kuɗi suka ƙare bango na tsaye iya ƙirji, sai zargi ya shiga tsakanin 'yan uwa. Wani lokaci an ci kuɗin ne da gaske. Sau da yawa kuwa ba wanda ya ci ko dala, tun farko ne babu wanda ya lissafa cewa ɗaki huɗu da falo za su ci bulo kaza, siminti kaza, kwano kaza.

Takarda mai shafi biyu daga hannun wanda ya yi karatun tana maganin rabin wannan rigima. Tana faɗin abin da za a saya a kowane mataki, da inda ya dace a tsaya idan kuɗi sun yanke ba tare da ruwa ya lalata abin da aka riga aka yi ba. Masu turo kuɗi kan ga kuɗin injiniya a matsayin asara, alhali ba ya kai farashin sake ginin katanga ɗaya.

Bayan ambaliyar 2024 gwamnati ta rage farashin siminti da kusan kashi 35 cikin 100 a watan Oktoba, don mutane su iya sake gini. Mataki ne da ya taimaka. Amma siminti mai araha a kan hanyar ruwa, a gida marar tushe, zai sake faɗuwa ne kawai da tsada.

Laka ba abin kunya ba ce

Akwai wata dabi'a da karatun kan saka wa wasu: su dawo suna kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci. Yawancin gidajen karkarar Maraɗi kuwa na ƙasa ne, kuma za su daɗe a haka, domin simintin Malbaza ba kowa ke iya sayensa ba. Magina na gargajiya sun san abubuwan da littafi bai faɗa ba, daga zaɓen ƙasar tubali zuwa yaɓen makuba da jera azara. A Yama ta jihar Tawa, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya gina ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mayar da tsohon ɗakin karatu, aka kammala a 2018.

Abin da injiniya zai ƙara wa gidan ƙasa ba shi da tsada: tushe na dutse ko siminti da ya ɗago sama da inda ruwa ke kwanciya, rufin da ya fito ya kare bango, da gangaren da zai kai ruwa nesa da gindin gini.

Batun ya wuce gidaje. A watan Nuwamban 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a Maraɗi, yara ƙanana fiye da 20 suka rasu. Har yanzu dubban azuzuwa a Nijar na zana ne da kara. Duk wanda ya iya fitar da aji mai ƙwari da sanyi a kan kuɗin da ƙaramar hukuma irin Sae Sabuwa za ta iya biya, ba zai rasa mai neman sa ba.

Bayan an karɓi takarda

Ba kowa ke fita ya tarar da ofis ba. Guraben gwamnati kaɗan ne, manyan kwangiloli kuma kamfanonin waje ke kwashewa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ne aka ba. Irin wannan aiki yana ɗaukar masu awon fili da masu gwajin ƙasa da masu duba kankare, amma wanda ya taɓa aiki ake fara kira. Shi ya sa watannin koyon aiki da makaranta ke tura ɗalibi ba lokacin hutu ba ne. Wanda ya tsaya kusa da birkila ya ga yadda ake ɗaure rodi, ya kuma koyi yi wa dattijon magini gyara ba tare da ya kunyata shi gaban yaransa ba, ya samu abin da babu shi a allo.

Ayyukan da suka fi yawa ƙanana ne: kwalbati a kan ƙoramar da ke yanke hanyar kasuwa duk watan Agusta, tankin ruwa, ɗakin haihuwa, rumbun tsimi, hanyar burji da za ta haɗa ƙauye da kwalta. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji ne ke bayar da su, kuma kowanne yana buƙatar wanda zai zana, ya ƙiyasta, ya tsaya a kai, ya kuma ƙi sa hannu ranar da ɗan kwangila ya zuba buhu biyar a wurin bakwai.