Hunturu a ƙasar Gusau

Bayan haka, a sani taurarin ɗari bakwai ne, kowanne kwana 13, na farkonsu Shaula. A cikinsu iska kan taso daga arewa maso gabas, ta kwaso ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi, har matafiyi tsakanin Gusau da Tsafe ya kasa hango dutsen Kwatarkwashi. Dusar ƙanƙara irin ta Ingila ba ta sauka nan, ruwa kuwa sai wajen watan Mayu.

Abin tsoro dai wuta ce, domin zana da auduga sun bushe ƙayau. Malami ya tsaya a kashe wutar karatu kafin almajirai su kwanta, mai rumfa kada ya bar garwashi a kasko. Masu kayan lambu daga fadamun Bungudu su jira hantsi, hazo ya yi sauƙi, sannan mota ta tashi.